Shanu Suna Wucewa ta Romi, Aikin Kuwa Yana Binsu Kudu

Duk wanda ya saba sammako a Unguwar Romi ya san abu biyu da ke wucewa kafin rana ta yi zafi. Na fari, manyan motoci a kan hanyar Abuja, maƙare da shanu, ƙahoni a sama, da samari biyu ko uku zaune a kan katako bisa kawunansu, sun nufi Kudu. Na biyu, babur ko Keke da cinyar sa ɗaure a baya, wani lokaci an rufa mata buhu, wani lokaci ƙura ce kaɗai mayafinta, za a kai wa mai tebur a kasuwa. Mun daɗe muna ganin waɗannan abubuwa har idonmu ya saba, mun daina tambaya. To, masu karatu, a wannan fitowa muna so mu koma ga tambayar. Me ya sa dabba ke barin ƙasarmu da ranta, naman da mu muke ci kuma ya iso mana a bayan babur?

Sa'ad da sa ya hau mota da ransa, ba nama kaɗai ya tafi ba. Aikin fiɗa ya tafi. Fata ta tafi, da ƙaho, da ƙashi, da jini, da kitse, da kayan ciki, har da abin da ke cikin tumbi wanda da ya zama taki a gonar wani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abincin gidan wani ne. Mu kuwa muna zaune a gefen Kakuri, inda masaƙu suka mutu, samarinmu da suka gama makaranta suna zaman jira a bakin titi. Saboda haka ba maganar tarihi kawai muke yi ba, ko da shi ke sai mun bi ta tarihin kafin mu faɗi abin da muke gani ya kamata.

Tun kafin zuwan Turawa fatake suna kora shanu daga Arewa zuwa ƙasar Nufe da ƙasar Yarbawa. Dalilin kora su da rai ba boyayye ba ne. Nama ba ya kwana biyu a zafin ƙasarmu, amma sa mai rai yana ɗauke da namansa da ƙafafunsa, ba ya ruɓa a hanya. Sai dai hanyar tana da nata haraji. Dabbar da ta yi makonni tana tafiya ta cikin dajin tsando takan isa a rame, wata ta kamu da sammore, wata ma ba ta isa ba sam. A 1912 hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano, a 1917 Kaduna ta zama hedkwatar Arewa, a 1927 kuma hanyar Gabas da ta biyo ta Kafanchan ta zo ta haɗu da ta Ikko a nan kudancin kogi, a tashar da ake kira Kaduna Junction. Daga nan sai shanu suka fara hawa tarago. Tafiyar makonni ta koma ta kwanaki, amma har yanzu da ransu suke tafiya.

Cinikin kuwa ya ginu sosai a can inda ake sauke su. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya rubuta cewa kusan shanu 75,000 ake sayarwa kowace shekara a kasuwar garin, galibi kuma bashi ne. Mai shanu daga Arewa yakan sauka a gidan fatoma, fatoman ya tsaya masa, mahaucin Bayarabe ya ɗauki sa, ya yanka, ya sayar, sa'an nan ya biya. Ba banki, ba takarda, sai amana da sanin juna. Mun kawo wannan domin mu tuna cewa cinikin shanu ba kara-zube ba ne. Yana da tsari mai ƙarfi, tsarin kuma an gina shi a kan dabba mai rai. Duk wanda ya zo da niyyar canja shi, da wannan zai yi kokawa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambatonsu ba in ana maganar adana nama, alhali su ne na fari. Mai kilishi yana yanka tsoka falle-falle, ya shanya a rana, ya tsoma cikin laɓu na tunkuza da yaji, ya sāke shanyawa, ya gasa. Abin da ya fito yana iya yin watanni bai lalace ba, ba firiji, ba lantarki. A Nguru, inda hanyar jirgi ta kai a 1930, an yi babbar sana'ar banda. Ana yanka dabbobin da ba za su iya doguwar tafiya ba, a dafa naman sama-sama, a ƙyafe shi, a ɗura a buhu, jirgi ya kai Badun da Ikko. Ba Gwamnati ce ta kafa wannan ba. Mutane ne suka ga rana da itace da tasha, suka haɗa su. Idan ana neman masana'antar nama da ta daɗe tana ci da kanta a Arewa, ita ce wannan.

Gwamnati kuma ta gwada nata. Cikin shekarun 1950 an kafa kamfanin naman gwangwani a Kano. A zamanin Sardauna, cikin shekarun 1960, aka gina masana'antar nama ta Bauchi, aka buɗe gandun turka shanu a Mokwa da taimakon Jamus, da wani a Manchok, nan kudancin jiharmu. Tunanin mai kyau ne a takarda: a sayi ramammun shanu daga makiyaya, a ciyar da su har su yi ƙiba, a yanka a Arewa, a aika da naman cikin sanyi. Na Mokwa har yana samun dagwalon rake daga kamfanin sukari na Bacita domin abincin shanu. A waɗannan shekaru ne kuma Kakuri ta cika. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, kamfanin giya a 1963, Peugeot a 1975, matatar mai kuma, can gabas da mu, a 1980. Dubban ma'aikata masu karɓar albashi suka zauna a Kakuri da Makera da Nasarawa, dukansu masu sayen nama ne a ƙarshen wata. Ga jirgi, ga lantarki, ga masu saye. Duk da haka naman da suka ci daga kwata ya fito, daga hannun mahauta, kamar yadda kakanninsu suka ci.

Ina waɗannan manyan ayyuka yau? Wanda bai mutu ba ya yi doguwar suma, kowace sabuwar gwamnati kuma ta zo da alkawarin farfaɗo da shi. Mutane sukan ce sata ce ta kashe su, su yi shiru. Ba mu ce ba a yi ɓarna ba, amma in muka tsaya a nan ba za mu koyi kome ba, gama akwai waɗansu dalilai da za su kashe irin wannan aiki ko da mala'iku ne ke riƙe da shi.

Babbar masana'anta tana bukatar shanu kowace rana, rani da damina, domin injinta da ma'aikatanta ba su san lokacin fari ba. Makiyayi kuwa ba don yanka yake kiwo ba. Yana sayarwa ne sa'ad da bukata ta kama shi, ya sayi hatsi, ya yi aure, ko a dā ya biya jangali kafin a soke shi a 1975. Ranar da ya kai kasuwa kuma, dillalin da zai kai Ikko yakan fi ma'aikacin kamfani tayi, domin a Ikko ba abin da ake zubarwa, daga kai har ƙafa har fata kuɗi ne. Sa'an nan fari na 1973 da 1974 ya zo ya rage garke, bushiya ta 1983 ta zo ta kwashe shanu masu ɗimbin yawa. Ga kuma maganar sanyi. Nama mai sanyi yana bukatar wuta a mayanka, wuta a tarago ko mota, wuta a kanti. In ta yanke a wuri ɗaya, kayan duka sun tafi. Na ƙarshe, wanda masu tsarin ba su so ji ba, shi ne uwargida. Ita tana so ta ga jan nama na yau, ta taɓa, ta yi ciniki, a yi mata gyara. Ko a tsakiyar shekarun 1970, sa'ad da kuɗin Udoji suka shigo, nama ya yi tsada har Gwamnati ta shigo da daskararre daga ƙasashen waje, mutane sun saye shi ne don arha, ba don sun fi sonsa ba.

Kada kuma mu zaci a ƙasarmu kaɗai babbar masana'antar nama ke mutuwa. A ƙasar Uruguwai, can Amurka ta Kudu, akwai wani ƙaramin gari a bakin kogi mai suna Fray Bentos. A 1865 wani kamfani ya kafa aikin nama a wurin, jiragen ruwa suna zuwa har bakin masana'antar suna ɗauka. Naman gwangwaninsa ya ciyar da sojoji a yaƙin duniya na fari da na biyu, dubban mutane daga ƙasashe da yawa suka zo aiki, garin duka ya rataya a wuyan kamfani ɗaya. Da kasuwar Turai ta juya, aikin ya yi ta ja da baya har aka rufe a 1979. Yau gidan tarihi ne, a 2015 ma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Haka a Shikago ta Amurka, inda aka fara aika nama cikin tarago mai ƙanƙara a ƙarshen shekarun 1870, babban zangon shanun garin ya rufe a 1971. Mu mutanen kudancin Kaduna ba sai an yi mana dogon bayani ba. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, mun kuwa ga abin da ya sami iyalan da ba su da wata madogara. Gani ya kori ji.

Amma kai shanu da rai ma yanzu ba shi da sauƙin dā. Jirgin ƙasa ya daina wannan aiki shekaru da yawa, mota ta gaje shi. A 2016 an yi bikin ɗaukar shanu 500 a jirgi daga Gusau zuwa Ikko, aka buga a jaridu, abin bai ɗore ba. A farkon 2021 'yan kasuwar shanu da kayan abinci suka tsai da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki saboda rikici, nama ya yi tsada a Ikko, a nan kuma kaya suka rasa mai saye. Daga 2023, da kuɗin mai da na sufuri suka haura, kowane mil da sa zai yi a mota ya ƙara tsada, ga shingaye a hanya, kowanne da hannu a miƙe. Fiye da mil 500 ne daga nan zuwa Ikko, dabba tana tsaye, ba ci ba sha. Wani kaso na kuɗin motar kuwa ana biyansa ne domin ɗaukar ƙaho da kofato da abin da ke cikin tumbi. Saboda haka waɗanda ke cewa a yanka a Arewa suna da gaskiya. Inda muka rabu da su shi ne girman abin da za a fara da shi.

Akwai wani darasi da ya faru a nan Kaduna wanda ya kamata a riƙa tunawa. A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rance domin bunƙasa kiwo, ofishin aikin kuma yana garin nan. An zuba kuɗi a manyan gandaye, ba su yi abin kirki ba. Sashen da ya yi kyau shi ne mafi ƙanƙanta, watau ba ƙaramin manomi rance ya sayi sa ɗaya ko biyu, ya turke a gida wata uku ko huɗu, ya ba shi harawa da dusa da ƙaiƙayi, ya sayar, ya biya. Mutum ba ya barin san da ke bayan ɗakinsa ya kwana da yunwa. Wannan shi ne abin da matan Arewa suka daɗe suna yi da ragon Layya, da akuyar Kirsimati, ba su jira wani banki ba.

To, ga abin da muke gani. Romi da Sabon Tasha da Television da Gonin Gora sun cika da jama'a, sun zama gari guda babba. Abin da wannan jama'a ke bukata da fari shi ne ƙaramar mayanka mai tsabta, wadda za a iya riƙewa da kuɗin da take samu. Ba abin mamaki ba ne a gina. Daɓen siminti mai gangara, domin ruwa ya bi lambatu. Rijiyar burtsatse da tanki a sama, gama mayankar da ba ruwa juji ce. Ƙarfe da ƙugiya da za a rataye dabba a feɗe ta a sama, kada nama ya taɓa ƙasa. Gefe ɗaya na wanke kayan ciki, nesa da inda tsoka take. Rami mai murfi domin jini da ƙazanta, da wurin tara abin cikin tumbi ya ruɓe ya zama taki. Masu lambu a bakin rafi za su saya. Jini in an dafa an shanya, da ƙashi in an ƙone an niƙa, masu kiwon kaji suna nema, ga su kuwa da yawa kewaye da mu suna kuka da tsadar abinci.

Mun ambaci rami da gangan. Al'adar da aka saba ita ce a kafa wurin yanka a bakin rafi domin ruwa ya tafi da ƙazanta. Ruwan ba ya tafiya da ita ko'ina sai wurin maƙwabci na ƙasa, wanda ke wanki da ban ruwan alayyafo da shi. Rafin Romi kuwa ya riga ya sha kaya, masana sun yi ta auna ruwansa saboda dagwalon masana'antu. Kada mu ƙara masa.

Abu mafi muhimmanci a mayanka ba gini ba ne, mutum ne, watau malamin dabbobi mai duba dabba kafin a yanka da bayan an feɗe. Da ranta zai ga wadda ke zazzaɓi, da wadda ke da ciki, gama yanka saniya mai ciki asarar garken gobe ne. Bayan fiɗa zai tsaga huhu da hanta da kaluluwa. Tarin fuka na shanu yana kama mutum. Bakkale, mai sa saniya ɓari, yana kama mahauci ta hannunsa, ya yi ta zazzaɓin da ake ɗauka na sauro ne. Ciwon saifa ya fi su duka haɗari, a watan Yuli na 2023 kuwa an tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja, a kan wannan hanya tamu ta Abuja. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini yana fita ta hanci, ba a feɗe ta, ba a ci, binne ta ake yi da zurfi. Mun san abin da ke faruwa a zahiri. Mutum ya ga akuyarsa za ta mutu, sai ya yi maza ya sa wuƙa, a kasa a sayar da arha, mu kuma mu saya muna murna. Talauci ne, mun sani. Amma kuɗin asibiti ya fi kuɗin akuya. Haka kuma babbaka ganda da tsohuwar taya, hayaƙin nan baƙi yana shiga fatar da za mu ci, yana shiga ƙirjin yaran da ke aikin.

Sai maganar sanyi, a nan kuma muna so mu yi hankali. Ba muna cewa a daskarar da nama ya zama dutse ba, mun riga mun faɗi ra'ayin uwargida. Muna maganar ƙaramin ɗaki da zai riƙe sanyi tsakanin awo 0 da 4, inda mahauci zai ajiye abin da ya rage masa da yamma, ya ɗauka da safe yana ja kamar yadda ya bar shi. Yanzu in la'asar ta yi, mai tebur ba shi da zaɓi, ko ya karyar, ko ya kai wa mai tsire, ko ya yayyafa ruwa ya yi fatan alheri. Wannan asara mu muke biyanta cikin kuɗin naman safe. Ɗakin kuwa tilas ya dogara ga hasken rana da batir. Wanda ya manta da watan Oktoba na 2024, sa'ad da aka lalata layin wuta daga Shiroro, yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu, ya tambayi masu sayar da kifi da kaji abin da suka zubar. In ɗaki ɗaya ya yi shekara biyu yana aiki, littafin kuɗinsa kuma yana nan a buɗe, sa'an nan a yi maganar mota mai sanyi zuwa Abuja, wadda ke nan kusa, cike da otal-otal masu sayen nama. Ikko sai daga baya.

Ba za mu yi kamar ba mu san aladu ba. A gidaje da yawa na kudancin Kaduna alade shi ne asusun mace, shi ne kuɗin makaranta. Kasuwar aladu ta Katsit, kusa da Kafanchan, tana cikin mafi girma a ƙasar nan, daga can ma da ransu ake loda su zuwa Kudu. Labarin ɗaya ne da na shanu. Sai dai alade yana da nasa haɗari. Zazzaɓin aladu da ya shigo Nijeriya a 1997 ba shi da magani, yana kuwa yaɗuwa ta nama da jini da takalmin mai saye. In ana yanka a bayan kowane gida, ana wanke wuƙa a kwatami, cutar gida ɗaya ta zama ta unguwa. Aladen da aka sake yana yawo kuma yakan ci bayan gidan mutane, sai a ga ƙwayoyi farare kamar shinkafa a cikin tsokarsa. Wanda ya ci bai dahu sosai ba zai sami tsila, ƙwan tsilar kuma in ya shiga cikin wani yana iya kaiwa ƙwaƙwalwa ya jawo farfaɗiya. Saboda haka aladu suna bukatar a kulle su, suna kuma bukatar nasu wurin yanka da nasu mai dubawa. Wurin ya zama dabam sarai, da nisa, da wuƙaƙensa, da ruwansa, da ɗakin sanyinsa in za a yi. Wanda ya ce a haɗa don rage kuɗi bai san garin da yake zaune ba.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta fi wuya. Fawa sana'ar gado ce. Mahauta suna da Sarkin Fawa, suna da tsarinsu na koyar da yaro, da hanyarsu ta samun dabba bashi daga dillalai a zango, galibinsu kuma Hausawa ne Musulmi. Tun rikicin shekara ta 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, mutane suka yi ƙaura, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Romi ma da haka ta ƙara cika. Amma nama bai daina haye gada ba. Kullum safiya akwai mahaucin da ke barin unguwarsa ya zo ya tsaya a kasuwarmu, akwai matan da suka shekara goma suna saye a teburi ɗaya, ya san abin da kowace ke so, yana ba ta bashi har ƙarshen wata. Abubuwan da suka rage masu haɗa mu kowace rana ba su da yawa, wannan yana cikinsu.

Mun ji waɗansu namu suna cewa a gina mayanka domin a karɓe cinikin daga hannunsu. Ba mu tare da wannan magana. Ko an bar zancen zaman lafiya, lissafin bai fita ba. Yaronmu da bai taɓa riƙe wuƙa ba, ba zai feɗe sa ba tare da huda fatar ba, fatar da aka huda kuwa majema na Kano ba su sayenta da daraja. Ba shi da dillalin da zai ba shi sa bashi. Naman sa da na akuya kuma, in ana so kowa ya saya, daga Romi har otal na Abuja, sai Musulmi ya yanka bisa ga ƙa'idarsa. Wannan bai rage mu da kome ba, ya ƙara mana kasuwa ne. Aikin da ke jiran samarinmu yana da yawa: turka, gyaran injin sanyi da faifan hasken rana, tuƙi, sarrafa ƙashi da jini, taki, riƙe littafi, da koyon fiɗar kanta ga wanda ya yarda ya durƙusa ya koya. Manyan ayyukan Gwamnati da muka ambata sun zo da injiniya da akawu, suka bar mahauci a waje. Shi kuwa yana nan har yau da teburinsa.

Wa zai biya? Tsarin mulki na 1999 ya sa kafa mayanka da kula da ita cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da kasuwanni da tashoshin mota. Romi tana ƙarƙashin Chikun. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a shekarar kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin kiwo. Saboda haka akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kansila kuma ya kamata ya ji wannan magana daga bakin masu zaɓensa, fili da rijiya da malamin dabbobi haƙƙinmu ne. Amma mai nama shi ke neman wuta. Ƙungiyoyin mata masu adashe, da masu kiwon kaji da aladu, da mahauta, su ne za su ci amfanin, su ne kuma ya kamata su riƙe wurin ta hanyar jam'iyyar gama kai.

Mun san da jin wannan suna waɗansu za su taɓe baki, suna da dalili. Mu ma mun taɓa sa hannu a wata ƙungiya da ta sayi injin niƙa. Shekara ta fari kowa yana murna. Ta biyu bel ya tsinke, aka nemi kuɗin gyara, sai aka tarar ma'aji ya ranta wa kansa, littafin kuma wai ruwa ya jiƙa shi. Injin yana nan ya yi tsatsa. Ba a ba kura ajiyar nama, amma mu muka ba ta, domin muna jin kunyar tambayar dattijo. A mayanka kuɗi suna shigowa kowace rana, kan kowace dabba, don haka jarabar ta fi yawa. Mai karɓar kuɗin yanka ya zama dabam da mai ajiya, kuɗin su kwana a banki, a cire kason gyara tun kafin a taɓa sauran, a kuma karanta lissafi a gaban kowa kowane wata. Malamin dabbobi kuwa kada albashinsa ya fito daga aljihun mahauta, in ba haka ba ranar da ya ga huhu mai ƙuraje zai kau da kai. Ya kamata kuma a ware ɗan abu daga kuɗin yanka domin rage wa mahaucin da aka hana naman dabbarsa asara, gama mutumin da zai yi hasarar sa guda shi kaɗai, gobe a ɓoye zai yanka.

Kafin a nemi fili ko a rubuta wa kowa takarda, akwai aikin da ba ya cin ko kwabo. Mutum uku ko huɗu su ɗauki littafi su zaga kasuwannin Romi da Sabo da Television na mako biyu, su rubuta shanu nawa, awaki nawa, aladu nawa ake sayar da namansu kowace rana, daga ina aka yanko su, nawa ne kuɗin kawowa, nawa ke kwana. Da wannan lissafi za a san girman daɓen da za a zuba da girman ɗakin sanyi. Waɗanda za su zagaya ɗin kuma su fara da gaishe da Sarkin Fawa, su gaya masa abin da ke tafe da su, su roƙe shi ya haɗa su da mutum ɗaya daga cikin mutanensa.